Yadda Ake Ɗaukar Hoton Furanni da Ƙwari Daga Kurkusa a Lambu

Ɗaukar hoton ƙananan abubuwa daga kurkusa, wanda masu sana'ar hoto ke kira makro, yana da doka guda da ta sha gaban sauran. Gwargwadon yadda ka matso, gwargwadon yadda wurin da zai fito tar a hoton yake tsukewa. Idan ka matso har ƙudan zuma ya cika rabin hoto, kaurin wurin da ke fitowa tar bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, bai ma kai ƙwayar gero ba. Abin da ke gabansa da abin da ke bayansa duk dishi-dishi za su fito. Aikinka ke nan: ka ɗora wannan siririn wuri a kan idon ƙwaro ko tsakiyar fure, ka riƙe shi a nan har ka danna. Kayan da za ka nema, lokacin da za ka fita, har yadda za ka durƙusa, duk wannan suke yi wa hidima.

Kayan aiki

Gilashin da ke zuwa tare da yawancin kyamarori, mai lamba 18-55, ya isa ɗaukar furen kabewa sukutum, amma ba zai nuna maka gashin ƙafar ƙudan zuma ba. Ma'aunin da ake nema shi ne 1:1. Wato abin da tsawonsa milimita 10 ne a lambu ya sauka a kan sensa, farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, da tsawon milimita 10 cif. Gilashin 18-55 yana tsayawa a wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan. Hanyoyi huɗu ake bi a cike giɓin.

Ta farko ita ce gilashin makro na ainihi. Nemi mai lamba 90, 100 ko 105. Tamron, Canon, Nikon da Sigma duk suna yin su. Amfaninsu shi ne suna bar maka tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin bakin gilashi da ƙwaro, ya ci gaba da sha'aninsa bai tsorata ba. Masu lamba 40 ko 60 sun fi sauƙin kuɗi kuma suna da kyau ga fure, sai dai sai ka kusa taɓa ƙwaro kafin ya cika hoto. Wanda aka riga aka yi amfani da shi ma ya wadatar. Kafin ka biya, haska fitilar waya ta cikinsa ka duba ko akwai zaren fumfuna ko ƙarzuwa.

Ta biyu zoben ƙari, zobba marasa gilashi da ake sa wa tsakanin kyamara da gilashinta. Yawanci uku suke zuwa tare: milimita 12, 20 da 36. Lissafinsu mai sauƙi ne, ka raba tsawon zobe da lambar gilashi. Zoben 36 a bayan gilashi mai lamba 50 yana ƙara maka kusan kashi 7 cikin 10 na 1:1, idan ka haɗa da ɗan abin da gilashin ke bayarwa da kansa ka kusa kaiwa. Ka tabbata ka sayi masu ƙananan haƙoran lantarki a ciki. Marasa su sun fi araha, amma da su kyamara ba za ta iya buɗe ƙofar haske, wato kafar da haske ke bi a cikin gilashi, ko tsuke ta ba.

Ta uku gilashin da ake maƙalawa a gaba. Raynox DCR-250 ya yi suna a nan. Yana sa kyamara ta ga abu tar a tazarar kusan santimita 12, kuma ya fi aiki a kan dogon gilashi irin 55-200 ko 70-300. Masu arahar nan da aka rubuta +10 a jikinsu sukan bar shuɗin layi ko ja a gefen abubuwa, ga kuma kusurwoyin hoto ba sa fita.

Ta huɗu zoben juyi, wanda ake ɗaura gilashi da shi baibai, gabansa ya koma jikin kyamara. Duba lambar da ke bin alamar Ø a bakin gilashinka, galibi 52 ko 58, ita ce girman zoben da za ka saya. Gilashi mai lamba 50 idan aka juya shi yana ba da kusan 1:1. Wannan ce hanya mafi araha kuma mafi wuya: tazarar aiki santimita 4 zuwa 5 ce kawai, kyamara ba ta sarrafa gilashin, bayan gilashin kuma yana buɗe ga ƙura. Idan ita kaɗai ke gare ka, nemi tsohon gilashi mai zoben ƙofar haske da ake murɗawa da hannu.

Mai waya ma yana da rabo. Wayoyi da yawa na yanzu suna da saitin makro da ke aiki a tazarar santimita 2 zuwa 4. Idan taka ba ta da shi, akwai ƙaramin gilashi mai matsewa da ake ɗora wa a kan idon kyamarar waya. In shi ma babu, gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ko waya, a manne shi da idon kyamarar, yana yin aikin koyo.

Sauran kayan ba su da tsada: filashin da ake ɗorawa a saman kyamara (ko na jikinta), farar roba da aka yanko daga jikin galan mai faɗin santimita 15 da tsawon 20, farin kwali, farar laima, buhu ko tsohuwar tabarma ta durƙusawa, tsinkayen kara masu ƙwari biyu da maƙalan shanya, sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, robar hura iska don share ƙura, da batiri na biyu. Sandar kyamara mai ƙafa uku tana da amfani ga fure, amma ga ƙwaro ta cika nawa. Sa rufaffen takalmi da dogon wando, kada kuma ka fesa turare.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci da wuri

Yawancin ƙwari sai rana ta ɗumama jikinsu suke samun kuzarin tashi. Daga wayewar gari zuwa wajen ƙarfe takwas da rabi za ka same su zaune a kan ganye, wani sa'in da raɓa a fukafukansu, ka matso ba su motsa ba. A lokacin ne kuma iska ta fi kwanciya, hasken ma mai laushi. Furanni da yawa na lambu ma na safe ne. Furen kabewa yana buɗewa da asuba, kafin azahar ya yi yaushi. Na kuɓewa yini ɗaya yake yi. Na auduga ranar farko fari ne mai ɗan rawaya, washegari ya koma ruwan hoda, don haka shuka ɗaya za ta ba ka launi biyu.

Daga Agusta zuwa Oktoba ne aka fi samun ƙwari da furanni tare: wake, riɗi, yakuwa, kuɓewa, rama. Da hunturu kuwa ka nufi lambun rani a fadama, ka nemi albasar da aka bari don iri. Dunƙulen furenta yana tara ƙudan zuma da ƙudaje iri-iri, sanyin safiyar Disamba da Janairu kuma yana riƙe maka su a wuri guda.

Ranar da hadari ya rufe rana kana iya aiki har hantsi ya wuce. Tsakar rana tsaka kuwa ka bar ta: inuwa baƙi ƙirin, fukafukai na ƙyalli, ƙwari ba sa zama. Da yamma kafin magariba ka zaga ka lura da inda mazari da malam-buɗe-littafi suke sauka su kwana, sau da yawa a nan za ka tarar da su da safe.

Idan lambun ba naka ba ne, nemi izinin mai shi, ka kuma tambaye shi ko ya yi feshi kwanan nan. Inda aka yi feshi ba ƙwaro, kuma bai kamata ka kwanta a ciki ba.

Mataki na 2: Saita kyamara tun kafin ka shiga lambu

Lambar f ita ce girman ƙofar haske. Idan lambar ta ƙaru ƙofar na tsukewa, wurin da ke fitowa tar yana ƙara kauri. A 1:1 da kyamara mai babbar sensa, f/2.8 na ba ka kusan sulusin milimita, f/8 kusan milimita ɗaya, f/16 kusan biyu. Mai koyo yakan ce to a kai ta f/22 ko f/32 mana. Kada ka yi. Idan ƙofar ta tsuke da yawa haske yana watsuwa a wajen kutsawa, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi, babu inda ya fito da kaifi. Zauna tsakanin f/8 da f/13.

Da hasken rana kaɗai: murɗa maɓallin zaɓin saiti zuwa A ko Av, inda kai ke zaɓar lambar f. Sa f/8, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na sensa, har saurin shota, labulen da ke buɗewa ya rufe idan ka danna, ya kai 1/250 na daƙiƙa ko fiye. Ko da ISO ya kai 800 ko 1600 ba komai. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa ya tafi. Ka sani cewa a 1:1 kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke isa sensa, shi ya sa wurin da idonka ke ganin haske ya wadata kyamara za ta ce duhu ne.

Da filashi: murɗa zuwa M, inda kai ke saita komai, shota 1/200, f/11, ISO 200, ƙarfin filashi 1/16 don farawa.

Fokas shi ne saita wurin da zai fito tar. Kashe mai sarrafa kansa, mayar da shi na hannu. Sa kyamara ta riƙa ɗauka a jere idan ka riƙe maɓalli. Idan tana ɗaukar RAW, ɗanyen hoto da ya fi karɓar gyara, kunna shi.

Mataki na 3: Fara da fure

Kada ka fara da bin ƙwari. Yi kwanaki kana ɗaukar fure, domin shi ba ya tashi, kuma duk abin da ka koya a kansa shi za ka yi a kan ƙwaro da sauri.

Zaɓi fure sabon buɗewa wanda tsutsa ba ta taɓa ba. Ƙaramin tabon da ido bai kula da shi ba zai cika kwatar hoto. Sannan ka yanke shawara a kan abu ɗaya da kake son nunawa. Ɗauki furen kuɓewa: ganyayensa rawaya mai haske, ƙasan cikinsa ja mai duhu, daga tsakiya wani sanda ya fito lulluɓe da garin fure, a kansa 'yan dunƙulayen ja masu laushin gashi. Ba za ka samu duka su fito tar ba. Ɗora fokas a kan dunƙulayen nan na sama, ka bar jan da ke ƙasa ya narke ya zama bango. Idan ka ɗora shi a kan gefen ganyen fure, mai kallo zai ga kamar kuskure ne, domin ido tsakiyar fure yake fara nema.

Fararen furanni irin na zogale sukan ruɗi kyamara ta rage haske su fito toka-toka. Ƙara haske da +0.7 a saitin mai alamar +/-. Ja da rawaya masu ƙarfi kuwa sukan cushe, jijiyoyin ganyen su ɓace. Rage da -0.3 ko -0.7.

Mataki na 4: Yi fokas da jikinka

Nan ne aikin yake. A wannan kusanci, murɗa zoben fokas yana sauya girman abin da kake ɗauka, fokas mai sarrafa kansa kuma sai ya yi ta kai da komo har ƙwaron ya tashi. Abin da ake yi shi ne a fara murɗa zoben zuwa girman da ake so, a bar shi a nan, sannan a matsar da kyamarar gaba ɗaya.

Durƙusa a kan buhu, ko ka zauna. Manne gwiwar hannuwanka da haƙarƙarinka ko ka ɗora su a kan gwiwoyinka. Hannun hagu a ƙarƙashin gilashi, kyamara a manne da goshi. Daga ɗan nesa ka riƙa karkatowa gaba sannu a hankali. Za ka ga tsabtar hoton tana tafiya a jikin abin: ta fara kama ƙahonnin ƙwaro, ta zo kan ido, ta wuce zuwa kafaɗa. Koma baya kaɗan, fitar da rabin numfashi ka riƙe, sake karkatowa, da ta hau kan ido ka danna ka bar kyamara ta ɗauki uku ko huɗu. Taɓa maɓallin da tsokar yatsa, kada ka soke shi, domin sukar kaɗai ta isa ta gusar da milimita guda.

Idan abin yana da tsayi har sai ka tsaya, kafa sandar nan mai mita ɗaya da rabi a ƙasa, ka kama ta tare da gilashin da hannun hagu, ka zame hannun sama ko ƙasa zuwa daidai tsayin furen. Wata dabara kuma: riƙe karan furen da yatsu biyu na hagu, ka ɗora bakin gilashi a kan tafin hannun nan. Yanzu idan hannunka ya motsa, fure da kyamara tare suke motsawa.

Mafi yawan hotunan ba za su fito ba, ko a hannun gwani. Haka sana'ar take, don haka ɗauki da yawa.

A waya, goge idon kyamara tukuna. Danna ka riƙe yatsa a kan fuskar waya har fokas ya kulle, sannan ka matsar da wayar gaba da baya kamar yadda aka faɗa. Yi amfani da maɓallin ƙara sauti ko ƙidayar daƙiƙa 3 maimakon taɓa fuska. Lura da inuwar wayar kanta, ita ce ke yawan ɓata hoto. Tsaya ta yadda haske zai shigo daga gefe. Kada ka ja hoto da yatsu ya wuce ninki biyu.

Mataki na 5: Kusurwa da bango

Wurin da ke fitowa tar shimfiɗe yake daidai da bayan kyamara. Idan ka daidaita bayan kyamara da jikin ƙwaro, gefe da gefe, za ka samu daga kai har wutsiya a cikin milimita biyun nan. Idan ka zo a karkace, ido kaɗai za ka samu. Duka biyun suna da kyau, amma ka zaɓa da gangan.

Sauko daidai tsayin idon ƙwaro. Hoton da aka ɗauka daga sama bayan ƙwaro da ƙasa kawai yake nunawa.

Kafin ka danna, duba abin da ke baya. Busasshen kara mai haske ko farar leda a nesa za su ja ido su bar ƙwaron. Gusawa ta yatsa biyu hagu ko dama takan sauya bangon gaba ɗaya. Gwargwadon nisan bango, gwargwadon laushinsa.

Mataki na 6: Haske

Idan rana ta yi ƙarfi, kafa farar laima ta yi wa furen inuwa. Idan gefe ɗaya ya yi duhu, riƙe farin kwali a tazarar taƙi ɗaya daga wannan gefen ya mayar da haske. Gwada kuma sa rana a bayan fure da sassafe: jijiyoyin ganye da gashin kara za su haskaka, abin da ba ka samu idan rana na bayanka.

Filashi shi ne ke raba hoton ƙwaro mai kaifi da wanda ya kusa. Walƙiyarsa idan an rage ƙarfi ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, don haka tana tsayar da rawar hannu da motsin ƙwaro cak. Amma tsirararsa mugun haske ne: farin tabo a bayan ƙwaro, baƙar inuwa a ƙasa, wani lokaci ma gilashin kansa ya tare hasken. Maganinsa farar robar nan. Huda rami a kusa da gefenta na ƙasa daidai bakin gilashi, zura gilashin a ciki, robar ta miƙe sama ta ɗan rusuna gaba a kan abin da kake ɗauka. Filashi zai bugi robar, ita kuma ta zubo da hasken a faɗaɗe. Sirrin shi ne robar ta kasance kusa da ƙwaro, nesa kaɗan da filashi, ta yadda duk faɗinta zai haskaka. Wanda ya naɗe kan filashi da takarda kawai ya rage ƙarfinsa ne, bai tausasa shi ba. In babu galan, farar takarda mai ɗan kauri ko murfin farar robar abinci za su yi. Kauce wa roba mai launi, za ta rina hoton.

Ɗauki gwaji a kan ganye. Ya yi duhu, kai ƙarfin 1/8. Ya yi fari fat, sauko 1/32. Kada ka wuce 1/4, domin walƙiyar na tsawaita kuma filashi zai riƙa jinkirin sake cika.

Za ka lura bango yana fitowa baƙi kamar da dare aka ɗauka. Dalili shi ne haske yana raunana da sauri: idan nisa ya ninka biyu, kwata ne ke isa. In ba ka son baƙin, zaɓi kusurwar da ganye ke kusa a baya, ko ka maƙala faffaɗan ganye a tsinke santimita 10 zuwa 15 bayan furen, ko ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800 ka rage filashi don hasken gari ya shigo.

Mataki na 7: Iska

Kafa tsinken kara kusa da shukar, ka haɗa su da maƙalin shanya a ƙasan inda hoto zai kama. Sa ɗan tsumma a bakin maƙalin kada ya murƙushe karan. Tsaya ta inda iskar ke fitowa jikinka ya tare ta, ko ka jingina kwali. Iska tana zuwa ne tana ɗaukewa, saboda haka ka zauna a shirye da ido a kyamara ka jira lafawarta. Ranar da hunturu ke busawa sosai, koma kan abin da ke ƙasa-ƙasa ko jikin kututture.

Mataki na 8: Tunkarar ƙwari

Abu biyu ke korar ƙwaro: motsi na farat ɗaya da inuwa. Kada inuwarka ko ta gilashi ta faɗa kansa. Ɗora kyamara a ido tun daga nesa, ka matso a miƙe, ba ta gefe zuwa gefe ba. Ɗauki hoto ɗaya daga nesa, matso, ƙara ɗauka, har ka kai inda kake so. Mafi sauƙi ma shi ne ka zauna a gaban furen da ka ga ana yawan ziyarta, ka gama saitinka a kansa, ka jira.

Ƙudan zuma ya fi kamuwa a furen kabewa. Yana kutsawa ciki ya daɗe, ya fito jikinsa buɗu-buɗu da rawayan gari. Saita fokas a bakin furen ka jira fitowarsa, domin yakan ɗan tsaya yana share fuska kafin ya tashi. Wanda ke kiwo a kan fure bai cika harbi ba sai an matse shi. Kusa da amya ko kogon da suke ciki kuwa kada ka je ko kaɗan, haka ma gidan rina.

Mazari yana da tsinken da yake so. Idan ya tashi kada ka bi shi. Matso kusa da tsinken ka tsaya cak, sau da yawa zai dawo daidai wurin. Manyan idanunsa su ne abin ɗauka.

Malam-buɗe-littafi idan ya rufe fukafukai, zo ta gefe ka daidaita bayan kyamara da fiffiken. Bayan ruwan sama sukan taru a kan danshin ƙasa a bakin kududdufi suna tsotsa, a nan sun fi haƙuri. Duba ganyen tumfafiya: akwai tsutsa mai ratsin fari, baƙi da rawaya da ke cin sa, ita ce ke zama malam-buɗe-littafin nan ruwan goro mai baƙi da fari a bakin fiffike. Ka kiyayi farin ruwan tumfafiya, yana yi wa ido illa sosai. In ya taɓa hannunka wanke kafin ka kai shi fuska. A ganyen lemun tsami kuma akwai wata tsutsa da ke kama da kashin tsuntsu tana ƙarama, ta koma kore idan ta girma. Tsutsotsi ba sa gudu, sun dace da mai koyo.

Ƙoƙi-ƙoƙi shi ne ya fi kowa ba da haɗin kai. Yana juyo da kai ya bi ka da kallo, don haka jira har ya fuskanci gilashi. Ƙananan gizo-gizo masu tsalle ma haka suke, da manyan idanu biyu a gaba, sai dai sukan daka tsalle su hau gilashin. Fara takan zagaya bayan kara ta ɓuya. Miƙa hannu ta ɗaya gefen a hankali, za ta zagayo wajenka.

Ƙwaron nan baƙi mai ratsin ja ko rawaya da ke cin furen wake da kuɓewa yana da kyau a hoto, amma kada ka kama shi da hannu, ruwan jikinsa yana tayar da bororo a fata. Kafin ka durƙusa ko'ina, buga ciyawar da sanda ka duba, saboda maciji, kunama da cinnaka.

Akwai masu sa ƙwaro a firji ko su fesa masa magani don ya tsaya. Kada ka bi wannan hanya. Cutarwa ce ga halittar da ba ta yi maka komai ba, kuma wanda ya san ƙwari zai gane daga yadda ƙafafun suka lanƙwashe.

Mataki na 9: Duba hoto tun kana wurin

A ƙaramar fuskar kyamara kowane hoto kyakkyawa ne. Faɗaɗa shi har ƙarshe a kan ido. Idan ido bai fito ba amma kafaɗa ta fito, ka wuce wurin ne, sake gwadawa. Idan babu inda ya fito kuma gefuna sun ja layi biyu, girgiza ce: ƙara saurin shota ko ka kunna filashi. Idan babu inda ya fito amma ba alamar girgiza, duba lambar f, wataƙila ta haura 16, ko kuma ka matso fiye da iyakar gilashin. Fararen tabo masu ƙyalli na nufin robar filashi ta yi ƙanƙanta ko ta yi nisa da ƙwaro. Baƙaƙen ɗigo da ke fitowa a wuri guda a kowane hoto ƙura ce a kan sensa, kuma ƙaramar ƙofar haske ce ke tona ta.

Mataki na 10: Haɗa hotuna don ƙarin kauri

Idan kana son fure ya fito tar daga gaba har baya, ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku, sa f/8, ka ɗauki hotuna 10 zuwa 30, kowanne ka gusar da fokas kaɗan, ta yadda tsabtar wannan za ta ɗan hau kan ta wancan. Manhajoji irin su Helicon Focus, Zerene Stacker ko Photoshop za su tsinci wurin da ya fito a kowanne su haɗa hoto ɗaya. Wasu sababbin kyamarori suna yin jerin ɗaukar da kansu. Idan ka yi tsalle mai faɗi tsakanin hoto da hoto, za a ga ratsin dishi-dishi a tsakiya, kuma ba ya gyaruwa. Dole abin ya kasance bai motsa ba, don haka fara da furen da ka tsinko ka sa a kwalba a cikin ɗaki kusa da taga.

Mataki na 11: Kula da kayan bayan an dawo

Da hunturu kada ka sauya gilashi ko zobe a fili. Yi a ɗaki ko cikin mota, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa. Fara hure ƙura da robar iska kafin ka goge gilashi, in ba haka ba ƙurar ce za ta ƙarje shi. Garin fure yana mannewa a bakin gilashi, duba shi kowane dawowa. Sensa kuwa iska kawai za ka hura mata daga robar, ba da baki ba. Abin da ya ƙi fita ka kai wa mai gyara.

Da damina abokin gaba danshi ne. Kada ka rufe kyamara a jaka da raɓa a jikinta. Goge ta, bar ta ta sha iska na awa guda, sannan ka ajiye ta a roba mai murfi tare da ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sababbin takalma da kayan lantarki. Duk bayan 'yan makonni ka sauya su da sababbi, ka kuma fito da gilashin ka haska shi da fitila ka duba ko fumfuna ta fara.